DAILY PLANET: JARIDAR DA BA TA TAƁA ISOWA TASHAR KAFANCHAN BA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kagoro

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, ga wani ɗan kacici-kacici. Wace jarida ce ta haura shekara 80 tana fitowa kowace safiya, tana da edita da manema labarai da mai ɗaukar hoto, an saye ta an sayar, an rufe ta an sake buɗewa, amma ba ta da ofis a kan wani titi da ƙafar ɗan Adam za ta taka? Wanda ya ce Daily Planet ya ci gari. Ita ce jaridar da Superman yake yi wa aiki in ya tuɓe jar alkyabbarsa, ya sa kwat da tabarau, ya koma Clark Kent.

Yaran Kagoro da Kafanchan sun san mutumin. Ranar kasuwa za ka gan su da riguna masu harafin S a ƙirji, na gwanjo da sababbi. Amma in ka tsare yaro ka ce masa mene ne sana'ar mai wannan tambari, sai ya ce tashi sama. To, ba haka ba ne. Tashi sama taimako ne da yake yi kyauta, ba a biyansa ko kwabo. Abin da yake ci da shi, yake biyan kuɗin haya, shi ne aikin jarida. Kuma tarihin jaridar da yake yi wa aiki, ko da yake ƙage ne, ya bi sawun abin da ya sami jaridun gaske taki bayan taki, har da namu na nan gida.

Masu wannan almara samari biyu ne Yahudawa, 'ya'yan baƙin haure, a birnin Cleveland ta jihar Ohio a Amurka. Jerry Siegel ke rubuta labari, Joe Shuster ke zanawa. A makarantar sakandare ta Glenville suka haɗu, inda akwai wata 'yar jaridar ɗalibai mai suna Torch da suka riƙa yi wa aiki. Sun sha yawo da labarin nasu ana korarsu, sai a 1938 wani kamfani a New York ya saya a kan dala 130, ya buga shi a littafin zane mai suna Action Comics, fitowa ta 1, mai ɗauke da kwanan watan Yuni. Santi 10 ake sayar da shi. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya tak na wannan fitowa a kan dala miliyan 6.

A wannan fitowa ta farko sunan jaridar ba Daily Planet ba ne, Daily Star ne, watau tauraro. Dalili kuwa yana wajen Shuster. An haife shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1914, gidansu babu, don haka tun yana ƙarami yake tallar jaridar Toronto Daily Star a bakin titi kafin iyayensa su ƙaura Cleveland yana ɗan shekara kamar 10. Shi da bakinsa ya faɗi haka a wata hira da wannan jarida ta yi da shi a 1992, 'yan watanni kafin ya rasu. Ashe ɗan talla ne ya raɗa wa jaridar suna, don tunawa da wadda ta ciyar da shi. Har dogayen benayen birnin Metropolis, inda labarin ke gudana, Toronto ya tuna ya zana.

Da farko ma samarin ba su tsaya kan magana ɗaya ba. A fitowa ta 2 sai ga Clark Kent yana aika hotuna zuwa wata jarida wai ita Evening News ta Cleveland. Daga baya aka koma wa Daily Star, aka ba editanta suna George Taylor.

Abin da ya kawo canjin suna ciniki ne. Ran 16 ga Janairu 1939 aka fara buga labarin Superman guntu-guntu kowace rana a cikin jaridun gaske na Amurka. (A cikin wannan wata na Janairu 1939 ne kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita. Sa'o'in juna ne ke nan.) To, garuruwa da yawa a Amurka suna da jarida mai suna Star, kuma babu editan da zai biya kuɗi ya buga labarin da kullum yake yabon sunan kishiyarsa. Wannan shi ne dalilin da masu bin tarihin abin suka fi bayarwa. Sai aka nemi sunan da ba na kowa ba. A ƙarshen 1939 Daily Planet ta bayyana a guntayen labaran jaridu, a watan Afrilu 1940 kuma ta shiga Action Comics fitowa ta 23, ba tare da an yi wa mai karatu wani bayani ba. An kwana tauraro, an tashi duniya. A wannan fitowa ta 23 ɗin ce kuma aka fara ganin Luthor, abokin gabar Superman, wanda za mu sake gamuwa da shi nan gaba yana riƙe da makullin ofishin.

ME YA KAI MAI ƘARFI GIDAN JARIDA?

Mutum ya iya tambaya, wanda ke ɗaga mota da hannu ɗaya, me zai kai shi zama gaban tafireta edita yana yi masa tsawa? Me ya hana a mai da shi ɗan sanda ko soja ko alƙali?

Amsa ta farko mai sauƙi ce. A zamanin da babu wayar hannu, duk abin da ya faru a gari, gobara ko fashi ko haɗarin jirgi, ofishin jarida yake fara isa ta wayar tarho da ta tangaraho. Wanda ke son ya kai ɗauki dole ya zauna inda labari ke sauka. Sa'an nan manemin labari in ya ɓace daga ofis rabin yini ba mai tuhumarsa, an san yana bin sawun wani abu.

Amsa ta biyu ta fi nauyi. Superman na 1938 ba da dodannin sararin sama yake faɗa ba. A labaran farko, ya ceci matar da za a kashe bisa kuskuren shari'a, ya ladabtar da mai dukan matarsa, ya bi sawun mai ba 'yan majalisa toshiyar baki don a sayar da makamai, ya tura mai ramin haƙar kwal cikin ramin nasa don ya ɗanɗana abin da leburorinsa ke sha. Duk waɗannan irin abubuwan da jarida mai zuciya ke tonowa ne. Lokacin kuwa Amurka ba ta gama fita daga matsin tattalin arzikin da ya faro a 1929 ba, talaka ya ga ta kansa. Siegel da Shuster sun ɗauki aikin ɗan jarida suka ƙara masa damtse. A ganina wannan ne ya sa jaridar ta daɗe, alhali an sake kusan kome a cikin labarin sau da yawa: in an cire ta, abin da ya rage ƙato ne kawai mai naushi.

Ga kuma Lois Lane, wadda ta fito tun fitowa ta 1. A 1938 mace ce ke rige-rigen ɗauko babban labari da maza, tana fushi in an tura ta shafin ba masoya shawara. Siegel ya ce ya samo halinta daga wata 'yar jarida ta cikin finafinan zamanin mai suna Torchy Blane. Yarinyar da ta tsaya Shuster ya zana ta a matsayin Lois, Joanne, ita Siegel ya aura a 1948.

Sauran ma'aikatan rediyo ne ya haife su. Ran 12 ga Fabrairu 1940 aka fara wasan kwaikwayon Superman a rediyo, aka yi ta yi har 1951. Wasan rediyo kuwa sai da muryoyi, don haka aka ƙago edita mai faɗa, Perry White, da yaron ofis Jimmy Olsen wanda ya zama mai ɗaukar hoto. Masu sauraro suka so su, sai littafin zane ya ɗauko su. Perry White ya shiga littafin Superman fitowa ta 7 a ƙarshen 1940, George Taylor ya ɓace ba sallama.

A cikin wannan wasan rediyo ne aka yi abin da ya fi kome daraja a tarihin jaridar. A 1946 aka gabatar da labari kashi 16 a kan wata ƙungiyar asiri masu rufe fuska suna ƙona gicciye da dare, kowa ya san Ku Klux Klan ake nufi, ƙungiyar Turawan da ke ƙin baƙar fata da Yahudawa da baƙi. A labarin, wani yaro ɗan asalin ƙasar Sin suka sa wa ido don ya fi ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu iya wasan ƙwallo. Daily Planet ta fito ta yaƙe su a shafinta, har suka sace Perry White da Jimmy Olsen. Wani marubuci mai suna Stetson Kennedy, wanda ya shiga cikin 'yan ƙungiyar ta gaske yana tattara asirinsu, ya taimaka wa masu wasan da bayanai. Yara miliyoyi suka saurara, suka ji an mai da masu farin mayafin nan abin dariya. Ku lura, wanda aka kare a labarin baƙo ne ɗan ci-rani a garin da ba na kakanninsa ba. Mazaunin Sabo ko Agege ko Idi-Araba ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Babban ƙwallon duniyar nan da ke bisa rufin ginin, wanda ya zama tambarin jaridar, finafinan zane na kamfanin Fleischer ne suka yaɗa shi tsakanin 1941 da 1943. Wasan talabijin na 1952 zuwa 1958, wanda George Reeves ya fito a ciki, ya ari ginin majalisar birnin Los Angeles ya ce shi ne ofishin. Fim ɗin 1978 na Christopher Reeve kuwa ginin jaridar gaske ya ara, Daily News ta New York, wadda dama tana da ƙaton ƙwallon duniya a zaurenta. A 1972 wani ɗan gari mai suna Metropolis a jihar Illinois ya ce shi ne mahaifar Superman, jaridar garin ta sake suna ta koma Metropolis Planet. Ƙarya ta haifi gaskiya ke nan.

MASU KUƊI SUN SHIGO

Daga 1970 labarin ya juya, kuma nan ne ya kamata mu ɗan zauna.

A wannan shekara mai zane Jack Kirby ya ƙago wani attajiri, Morgan Edge, shugaban kamfanin watsa labarai na Galaxy. Edge ya saye Daily Planet. A Superman fitowa ta 233, Janairu 1971, ya ɗauke Clark Kent daga tebur ya miƙa masa abin magana, ya ce daga yau talabijin za ka yi, a tashar WGBS. Masu littafin sun ga cewa a lokacin Ba'amurke ya fi samun labari daga akwatin talabijin da yamma a kan takarda, jaridun maraice suna ta mutuwa. Clark ya yi shekara 15 yana karanta labarai a gaban kyamara. Abin ya jawo masa wahala ma, domin mai karanta labarai ba ya iya sulalewa ya tafi ceton jirgi ana tsakiyar shiri.

'Yan shekaru bayan Edge ya saye tasa, a 1975, gwamnatin Janar Murtala ta karɓi kashi 60 cikin 100 na Daily Times ta Ikko, ta kuma karɓe New Nigerian ta Kaduna gaba ɗaya. Ba a daɗe ba Alhaji Babatunde Jose, wanda ya gina Daily Times ta zama abin da ta zama, ya bar kujerarsa. Can ɗan kasuwa, nan hukuma, amma tambayar da ta tsaya wa ma'aikata guda ce: wa zai ce a buga, wa zai ce a bari?

A 1986 kamfanin DC ya share allo ya sake labarin daga farko a hannun John Byrne. Clark ya koma Daily Planet. Yadda ya sami aikin ma akwai ɗan abin kunya a ciki: kowa na neman hira da sabon jarumin da ya bayyana a gari, Lois Lane ta sha wuya kafin ta samu, ta iso ofis ta tarar wani baƙauye daga Kansas ya riga ta kawowa. Mutum ya yi hira da kansa ya ci aiki! Wannan tabo ne da masu karatu suka daɗe suna nunawa. Ɗan jaridar da kullum yake rubuta labarin kansa, yana ɓoye wa edita da masu saye cewa shi ne, in a gidan jarida na gaske ne korarsa za a yi. A fim ɗin 2025 Lois da kanta ta goranta masa wannan. A wannan sabon zubi ne kuma Luthor ya tashi daga mahaukacin masanin kimiyya ya zama hamshaƙin attajiri mai rabin birnin.

A 1998 aka yi labarin da ya fi kowanne ɗaci. Kuɗi ya ƙare wa Daily Planet, mai ita ya sa ta a kasuwa, Luthor ya saya. Bai saya don ya gyara ba, ya saya don ya rufe bakin da ya dame shi. Ya sallami ma'aikata, ya bar 'yan kaɗan, cikinsu har da Lois da Jimmy, ya tura su wani kamfaninsa na labarai a intanet mai suna LexCom. Ƙwallon duniyar nan aka sauke shi aka kai juji. Superman yana nan da ƙarfinsa, amma ba abin da ya iya, domin ciniki ne halal a idon doka, an biya kuɗi an sa hannu. Ba bangon da zai fasa.

A ƙarshen 1999 jaridar ta dawo. Luthor ya sayar wa Perry White ita a kan dala 1. Kowa ya yi murna, ba a san akwai ƙulli a ƙasa ba: Lois Lane ta yi yarjejeniya da shi a asirce cewa duk ranar da ya so, zai nuna labari guda ta binne shi kada ya fita. Shekara ta zagayo, a cikin almarar, Luthor ya ci zaɓen shugaban Amurka na 2000 da wannan alkawari a aljihunsa.

Na ji masu cewa Lois ta yi dabara, ta ba da labari ɗaya ta ceci ɗaruruwa da abincin iyalai da yawa. Ni dai ban gamsu ba. Wanda ya sayi labari ɗaya da bai faɗi ko wanne ba, ai duka ya saya, tun da kowane labari aka ɗauko a kansa sai a tsaya ana tunanin ko shi ne zai nuna. Amma ba na ganin sauƙin hukunta ta, domin duk wanda ya taɓa zama a ofishin da aka yi wata uku ba albashi ya san yadda irin wannan tayi yake daɗin ji. Daga baya an nuna Bruce Wayne, watau Batman in ya tuɓe tasa rigar, ya saye jaridar. Attajiri nagari ya maye gurbin mugu, amma dai attajiri ne.

A Oktoba 2012 marubuci Scott Lobdell ya sa Clark Kent ya miƙe a tsakiyar ofis ya yi wa Morgan Edge tatas, cewa labari ya koma nishaɗi da tsegumin taurari, ya ajiye aiki ya tafi buɗe shafin kansa a intanet. Abin mamaki, jaridun duniya na gaske suka ɗauki wannan murabus na ƙarya suka buga kamar na wani babban edita. Ya dai dawo daga baya. A 2013 baƙar fata ya fara fitowa a matsayin Perry White a fim, watau Laurence Fishburne. A 2023 littafin ya ɗora Lois Lane a kujerar babban edita, shekara 85 bayan an fara tura ta shafin masoya.

KISHIYA A NEW YORK

Ba za a yi zancen Daily Planet a bar Daily Bugle ba, watau begila, ta kamfanin Marvel. Stan Lee da Steve Ditko sun fito da mai ita, J. Jonah Jameson, a 1963, a littafin Spider-Man, yaron da ke da halin gizo-gizo. Sun juya tsarin ne a kife. Planet tana yabon jaruminta, Bugle tana zagin nata. Peter Parker maraya ne, matar kawunsa ke riƙonsa, ba kuɗi. Sai ya riƙa ɗaukar hoton kansa yana cikin rigar gizo, ya kai wa Jameson ya saya da arha, gobe kuma a buga hoton da babban kanun cewa wannan annoba ce ga gari. Yaro yana sayar da sandar da za a doke shi da ita don a ci tuwo. Gizo na tatsuniyarmu ma da ya sha wannan, da ya kai ƙara wajen Ƙoƙi.

Amma Bugle ba Jameson kaɗai ba ce. A 1967 aka shigo da Robbie Robertson, edita baƙar fata mai sanyin kai, wanda ke taka wa maigidan burki. A 1978 kuma aka kawo Ben Urich, wanda ya gano ko wane ne jarumi Daredevil, babban labarin da zai ɗaga shi, ya ƙi bugawa don ya san za a kashe mutumin. A fim ɗin 2019 Bugle ta koma shafin intanet, Jameson ya watsa hoton bidiyon da aka yanke aka haɗa, ya ɗora wa yaron laifin kisa, ya kuma tona sunansa.

Wannan Jameson ɗin mun fi saninsa a nan Kudancin Kaduna a kan Perry White. A watan Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan tsakanin ɗalibai. Kafin a kwana biyu labarin ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, ya kumbura a hanya, aka yi ƙone-ƙone da asarar rayuka a wuraren da ba su san yadda abin ya faro ba. Lokacin babu wayar hannu. Yanzu kuwa kowane ɗayanmu yana da 'yar begilarsa a aljihu. Ku da kuke nesa, yawancin labarin gida ta nan yake zuwar muku, hoto ba kwanan wata, murya ba suna. Wani lokaci mu da muke gindin dutsen Kagoro sai ɗan'uwa ya bugo daga Ikko yana tambayar abin da ba mu ji ba, wani lokaci kuma abu ya faru da gaske, an binne mutane, ba jaridar da ta aiko kowa.

NAMU JARUMAN

Kafanchan mahaɗar jirgin ƙasa ce tun 1927, inda layin Fatakwal da Inugu ya gamu da na Kaduna da na Jos. Abin karatu da jirgi yake tafiya a wancan zamani, ga kuma makarantun mishan na Kagoro da kewaye sun yaye masu karatun boko da wuri. Saboda haka in ka zauna da waɗanda suka yi makaranta tsakanin 1968 da 1980, za ka ji sunayen da yaran yanzu ba su sani ba. Akwai Lance Spearman na mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya buga daga 1968 zuwa 1972, labari cikin hotuna na gaske, jarumin da malafa da sigari, abokin gabarsa Rabon Zollo. Akwai Powerman, wanda kamfanin Pikin ya fara bugawa a Nijeriya a 1975, baƙin mutum mai tashi sama wanda ba abin da ke kama shi sai saran maciji. Turawan Ingila biyu ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna ƙwarai a wannan sana'a. An umarce su su sa wa kowane zane lamba, wai don kada mai karatu ya rikice. A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super, inda aka haifi Papa Ajasco, a 2013 kuma samarin Comic Republic na Ikko suka fito da Guardian Prime.

'Yan jaridarmu na gaske kuwa ba mai alkyabbar da ya sauko musu. A 1973 aka yi wa Minere Amakiri na Nigerian Observer bulala aka aske masa kai a Fatakwal saboda labarin koken malaman makaranta. A 1984 Doka ta 4 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na Guardian gidan yari shekara guda. Ran 19 ga Oktoba 1986 aka aika wa Dele Giwa na Newswatch bam cikin ambulan a gidansa na Ikeja. Bagauda Kaltho, wakilin The News a Kaduna, ya ɓace a zamanin Janar Abacha, bai dawo ba.

Su ma masu almarar, jarida ce ta tsamo su, ba jaruminsu ba. Bayan sun sayar da haƙƙinsu a kan dala 130 ɗin nan, sun kai ƙara a 1947, aka raba su da aikin aka cire sunayensu daga littafin. Zuwa 1975, ana shirin kashe miliyoyi a kan fim, Siegel yana ƙaramin aikin akawu, Shuster kuwa idonsa ya kusa rufewa, yana zaune cikin talauci a New York. Siegel ya rubuta doguwar takardar koke ya rarraba wa gidajen jaridu. Masu zane Neal Adams da Jerry Robinson suka tsaya musu, jaridu da talabijin suka ɗauka, kamfanin Warner ya ji kunya. A watan Disamba 1975 ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara har mutuwa, da kuɗin asibiti, a kuma mai da sunayensu kan kowane littafi da fim.

Fim ɗin Yuli 2025, wanda James Gunn ya shirya, David Corenswet ya fito a Superman, Rachel Brosnahan a Lois, Wendell Pierce a Perry White, ya mai da jaridar tsakiyar labari. Superman ya yi dambensa, amma abin da ya kai Luthor ƙasa hotuna ne da takardu da suka faɗo hannun Jimmy Olsen, suka nuna yana hura wutar yaƙi tsakanin ƙasashe biyu don a yanka masa rabin ɗaya. Lois da Jimmy suka haɗa labarin, Perry ya ce a saki, aka sake shi ta intanet kafin a kai ga injin ɗab'i. An ɗauki wani sashe na fim ɗin a Cleveland, garin Siegel da Shuster, ginin da aka ara a matsayin ofishin Daily Planet kuwa shi ne Leader Building, wanda aka gina a 1913 don jaridar Cleveland Leader. Ita wannan jarida ta daina fitowa tun 1917.